Gaigaya, raraka da farin ɗango

Wani ɗalibi daga Zuru ya turo min hoton ganyen mangwaro duk ya sha ci, yana tambaya wai shin da Hausa sai dai kawai a ce ƙwari sun ci, ko akwai kalmar da ta fi haka dacewa?

Akwai mana, ɗana, kuma kalmar da ka zaɓa ita ke nuna wanda ya yi ɓarnar. In ka ga bakin ganye an bi shi ana gutsura kaɗan kaɗan har ya zama kamar haƙoran zarto, to wannan gaigaya ce, aikin fara ne (mu nan hwara muke cewa) ko gizaka, tsutsar nan mai gashi. Kuma gizaka in ta samu wuri ba ta tsayawa baki, cinye naman ganyen take tas ta bar jijiyoyi zalla, ku mutanen Zuru ai kun san yadda tsutsa ke yi wa kaɗanya da damina. Raraka kuwa cin ciki ne, a bar waje lafiya lau, shi ya sa ake cewa gara ta rarake azara. In ko ganye ya nannaɗe yana danƙo ga tururuwa na hawa da sauka, ba ci aka yi ba, tsotsa ce, danƙon nan shi manoma ke kira darɓa. Wallahi yana damuna in ji yaranmu sun tattara duk wannan sun ce cin ƙwari.

Ka duba hoton naka da kyau, toho aka fi ci. Haka abin yake har a kurmin kudu irin na Kuros Riba inda itatuwa ba sa kaɗe ganye rani da damina, tsohon ganye tauri gare shi, sabon da ya fito jajir da taushi shi ƙwari ke rububi.

Wata baiwar Allah kuma daga Gusau ta ce me ake nufi da "sun fito kamar farin ɗango"? Yawa ake nufi, malama, yawan da ke tafe da ɓarna, don farin ɗango in suka sauka ko ganye ɗaya ba sa bari, irin wanda aka gani a Nijar da Mali a 2004. Saboda haka ni ban so a faɗa wa mahalarta ɗaurin aure ko masallata, bai dace da su ba. Amma akwai icen da ya gagare su, wato dogonyaro ko darbejiya. A 1959 wani Bajamushe Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan fara ta cinye komai ta bar shi tsaye da ganyensa, daga nan masana suka duƙufa kan sinadarin da ke cikinsa, iyayenmu kuwa da ma suna zuba ganyensa cikin rumbu da buhun wake.