Sai an yi marin gaske ne wasa yake kama zuciyar ɗan kallo?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, shekarata 19, ina zaune a unguwar Birni a nan Zinder. Wata biyar ke nan da na shiga wata ƙungiyar koyon wasan kwaikwayo, mu goma sha huɗu, muna haɗuwa sau uku a mako bayan la'asar. Mai horar da mu yana cewa ɗan kallo ba ya yarda da abin da ba gaskiya ba, saboda haka idan wasa ya zo wurin mari sai a yi marin gaske, idan kuma kuka ake so sai ya tsayar da mutum ya ba da labarin rasuwar wani nasa a gaban kowa har hawaye su zubo. Makon jiya abokin wasana ya mare ni a gefen kunne, tun daga ranar kunnena na hagu yake ƙara, ba na kuma ji sosai da shi. Muryata ma ta dishe fiye da wata guda. Ina son wannan sana'a, amma tsoro ya kama ni. Shin haka ake koyonta, ko ni ce ba ni da juriya?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kafin mu taɓa maganar wasa, zan fara da kunnenki, domin shi ne ba ya jira. Mari da tafin hannu a kan kunne yana tura iska da ƙarfi cikin ramin kunnen, kuma wannan iskar tana iya fasa dodon kunne. Ƙarar da kike ji da raguwar jin da kika bayyana suna cikin alamomin da ake gani idan hakan ta faru. Ki je asibiti cikin makon nan, ki nemi a haɗa ki da likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Kafin ki gan shi kada ki bari ruwa ya shiga kunnen wurin wanka, kada ki sa tsinke ko auduga a ciki, kada kuma ki yarda wani ya ɗiga miki mai ko ruwan ganye ko wani maganin da aka saya a tebur. Yawanci irin wannan ɓulin yana haɗewa da kansa cikin ƴan makonni idan an bar shi a bushe, amma idan ƙwayar cuta ta shiga, abin yakan zama ciwon da ake daɗewa ana fama da shi. Ki nuna wa likitan maƙogwaronki a wannan zuwan, domin dishewar murya da ta wuce mako uku ba a barin ta sai an duba.

Sai tambayarki. A'a, ba haka ake koyon wannan sana'a ba, kuma ba juriya kika rasa ba. Abin da mai horar da ku yake faɗa shi ne kuskuren da na fi cin karo da shi a wuraren gwajin matasa, na ji shi daga bakin mutane da yawa har na gaji da jinsa, kuma ina ganin babu wata fahimta da ta cutar da yaranmu masu sha'awar fage kamarta. Maganar tana da daɗin ji: wai sai ɗan wasa ya ji zafin gaske kafin ɗan kallo ya ji. Saboda daɗin nan ne yaro mai ƙwazo yake saurin karɓarta, domin yana son ya nuna da gaske yake, kuma yana jin kunyar a ce masa rago a gaban ƴan uwansa.

Ki tsaya ki dubi sunan abin da kike koyo. Kwaikwayo aka ce. Mu ƴan Damagaram bai kamata ma a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, tunda a garin nan ake wasan kara, inda matasa suke fitowa a matsayin sarki da gwamna da manyan jami'ai, suna ɗauke da kayan da aka harhaɗa da karan dawa. Ba a taɓa jin ɗan kallo ya juya baya ya ce ba zai kalla ba sai an kawo bindigar ƙarfe. Yaron da ya manna auduga a haɓa ya duƙa da sanda a tashen watan azumi, kowa ya san shekarunsa ba su kai goma sha biyu ba, amma tafiyarsa da tarinsa da rawar muryarsa su ne suke sa mutanen gida su ga tsoho tsaye a tsakar gidansu. Tun farko akwai yarjejeniya tsakanin mai wasa da mai kallo: ni zan nuna, kai za ka gani. Gwaninta tana cikin nunin. Wanda ya kai hannu ya mari yarinya da gaske ya bar kwaikwayo ya koma duka, kuma duka ba ya bukatar wata biyar na koyo.

Akwai ma abin da masu wannan ra'ayi ba sa lura da shi, wato marin gaske yana ɓata wasan kansa. Wadda ta san za a mare ta da ƙarfi takan fara runtse ido da ɗage kafaɗa tun kafin hannu ya taso, hankalinta ya bar maganar da take faɗa ya koma kan tafin da ke zuwa, ɗan kallo kuma yana ganin wannan ɗar-ɗar ɗin daga nesa. Idan marin ya sauka, sai zauren ya daina tausayin matar da ke cikin labari ya koma tausayin yarinyar da ke kan dandamali, labarin ya yanke ke nan. Sannan wasan fage ba a yin sa sau ɗaya. Za ku yi gwajin fitowa guda sau talatin ko arba'in kafin ranar nuni, ku kuma maimaita ta a kowane garin da kuka je. Duk abin da jiki ba zai iya maimaitawa sau arba'in cikin lafiya ba, ba shi da wuri a fage.

Yadda ake marin fage kuwa ba sirri ba ne. Ana tsayar da mutum biyun ta yadda ɗan kallo ba zai ga tazarar da ke tsakanin hannu da kunci ba, mai mari ya haɗa ido da abokin wasansa domin ya tabbata a shirye yake, hannu ya wuce ta gaban fuska ba tare da ya taɓa ta ba, wanda aka mara ya juya kansa daidai lokacin, ƙarar kuma ta fito daga tafin da shi ko wani na gefe ya yi a ɓoye. Ana fara koyonsa a hankali ƙwarai, kamar ana motsi cikin ruwa, sai an yi shi daidai sau da yawa sannan a ƙara sauri. Haka shaƙe wuya da jan gashi: wanda ake yi wa shi ne yake riƙe da hannun mai yi, shi yake jan ragamar motsin, mai shaƙewar yana bin sa ne kawai. Mai horarwar da bai koya muku wannan ba kafin ya sa mari a cikin wasa, ko dai bai sani ba, ko ya sani ya ƙi, kuma ko wanne ne daga ciki bai cancanci a ba shi yara goma sha huɗu ba.

Maganar kuka ta fi ta marin ɓata mini rai, domin raunin da take bari ba a ganinsa. Na san inda suke tsinto ta. Sun ji an ambaci Sitanislafski, mutumin Rasha da suka kafa gidan wasan Mosko a 1898, sun ji an ce ya koyar da ɗan wasa ya tuno abin da ya taɓa ji a rayuwarsa, sai suka tsaya a nan. Ba su kai ga cewa shi kansa, kafin rasuwarsa a 1938, ya karkata ga fara aiki daga abin da jiki yake aikatawa da abin da mutumin cikin labari yake nema ba. Ko a lokacin da ake amfani da tunowa, abu ne da ɗan wasa yake yi a cikin ransa, da zaɓinsa, a kan abin da ya daɗe da wucewa. Tsayar da marainiya a gaban tsaranta a tilasta mata ta fayyace yadda mahaifiyarta ta cika, sannan a tafa mata a ce madalla, a sallame ta ta koma gida da magariba da wannan nauyin a ƙirji, wannan cin amana ne. Kuma ba ya ma haifar da wasa mai kyau, tunda hawayen da aka tatso ta haka yau su zo gobe su ƙi zuwa. Abin da ya kamata a tambaye ki shi ne: me matar nan take so daga mijinta a wannan fitowar, me ya hana ta samu, me za ta rasa idan ta fita ƙofa ba ta samu ba? Ki bi wannan da dukkan hankalinki. Idan hawaye sun zo, to. Idan ba su zo ba, mace mai ƙoƙarin danne kuka takan fi mai sheshsheƙa girgiza zaure.

Daga wannan gurguwar fahimta sauran ɓarnar take tsirowa. Na ga yara suna shafa man zafi a ƙarƙashin ido domin hawaye, alhali idan ya shiga ido yana ƙona shi. Na ga waɗanda aka ce musu su sha tiramol domin kunya ta fita kafin su hau dandamali, ƙwayar da take kama mutum har ya kasa rabuwa da ita, take kuma jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Muryarki ma ina kyautata zaton daga nan ta tafi, wato an ce miki fushin gaske sai da ihun gaske, kina ta matse maƙogwaro cikin ƙura ba tare da an nuna miki yadda ake ɗauko numfashi daga ciki a tura magana zuwa layin baya ba. Ki huta da ihu, ki rage magana, kada ki koma raɗa domin ita ma tana gajiyar da maƙogwaro, ki yawaita shan ruwa.

Ina faɗar wannan da takaici, domin garin nan ba baƙo ba ne a wannan fanni. Jami'armu tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan Zinder, masanin tarihi wanda ya rubuta wasa a kan Sarkin Damagaram Tanimun. Ƙungiyar rediyon Zinder, wadda su Yazi Dogo suka yi suna a cikinta, ta sa ƙasar nan dariya da tunani da wasannin da ake zama a tsara labarinsu tare, kowa ya kawo maganarsa, a gwada a gyara a sake gwadawa. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai kowa ya amince da na kusa da shi, kuma amfanin koyo cikin ƙungiya ke nan: ka saurari abokin wasanka, ka ba shi wuri, ka yi kuskure a gabansa ba tare da fargaba ba. Yau kuwa duk wanda ya kalli bidiyo biyar a waya sai ya kira kansa darakta, ya tara yara, ya karɓi jikkunan iyayensu da alkawarin zai kai su Kano su shiga fim. Hukumomin da ya kamata su tambaye shi a ina ya koya ba sa tambaya, amma idan ƙungiyar kirki ta nemi aron zaure na awa biyu, sai ta yi makonni tana yawo da takarda daga ofis zuwa ofis.

Ga ƴan uwana masu horarwa kuma, ku ji tsoron Allah a kan ƴaƴan mutane. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba cuta ba cutarwa, ya kuma ce dukkanmu makiyaya ne, kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Uban da ya bar ɗiyarsa ta fito gwaji bayan la'asar a garin da har yanzu wasu suke yi wa ƴar wasa kallon banza, ya yi ta maza ne, ya kuma ba ku amana. Duk yarinyar da ta koma gida da fasasshen kunne, ba ita kaɗai kuka cutar ba, kun rufe ƙofa ga ƙannenta da ƴan unguwarsu baki ɗaya.

Ke kuma, ɗiyata, ki sanar da iyayenki abin da ya faru yau ɗin nan, kada ki ɓoye domin tsoron a hana ki wasa. Kada ki ƙullaci yaron da ya mare ki, umarni aka ba shi, kuma ina zaton shi ma abin yana damunsa. Bayan kin ga likita, ki samu biyu ko uku daga cikin ƴan ƙungiyarku ku je wurin mai horarwar tare, cikin ladabi, ku ce masa kuna son ci gaba amma bisa sharaɗi: ba za a ƙara taɓa fuska ko wuyan kowa ba, ba za a ƙara tilasta wa kowa ba da labarin gidansu ba, kuma duk wanda ya ce a tsaya a tsakiyar gwaji za a tsaya masa ba tare da gori ba. Idan ya karɓa, ku ba shi dama, domin akwai waɗanda haka aka yi musu suka ɗauka haka ake yi. Idan ya ce ƙofa a buɗe take, ki bi ta ki fita, ki kuma rubuto mini bayan likita ya duba kunnen, mu yi maganar inda za ki ci gaba da koyo.