Bidiyon ya yi kyau, amma me ya hana shi taɓa zuciya?

Tambayar da wani yaro mai koyon aikin bidiyo ya turo ita ce: "Maigida, barka da aiki. Mun ɗauki bidiyon wata waƙar bege, jarumi da jaruma suna amsa wa juna. Kyamara mai kyau, hoto garau, har dron mun tayar, kuma na yanka a kan kowane bugun kiɗa. Duk wanda ya kalla sai ya ce ya yi kyau, amma ba wanda ya ce ya taɓa shi. Ina matsalar take?"

To ɗana, ka riga ka faɗi matsalar da bakinka, a inda ka ce ka yanka a kan kowane bugu. Mu yi lissafi. A ce waƙar tana tafiya a bugu 100 cikin minti ɗaya. Kowane bugu bai kai daƙiƙa ɗaya ba, 0.6 ne. Idan kana aiki da firam 25 a daƙiƙa, wato hotuna 25 da ke jeruwa su ba da motsi, kamar yadda muke yi a nan, bugu ɗaya firam 15 ke nan. A waƙa mai minti huɗu ka yi yanka 400, wato ka sauya hoto sau 400. Kafin idon mai kallo ya nemo fuskar jarumar ya karanta abin da ke cikinta, ka ɗauke masa ita. Wannan saurin na waƙar rawa ne, ta biki ko ta cashewa. Bege kuwa jira ne, kuma mai kallo ba zai ji shi ba sai ka sa shi ya jira.

Abu biyu ke ɗauke da motsin zuciya a bidiyon waƙa: kusancin kyamara da fuska, da tsawon lokacin da ka bar hoton kafin ka yanka. Sauran duk taimako suke yi.

Mu fara da kusanci. Ɗaukar nesa, inda mutum ya zama ɗan ƙarami a cikin fili, tana nuna kaɗaici ko kuma tana gaya wa mai kallo inda ake. Ɗaukar rabin jiki, daga ƙugu zuwa kai, ta hira ce da motsin hannu, nan za ka ajiye yawancin baitoci. Ɗaukar kusa, daga kafaɗa zuwa kai, ita ce mai shiga zuciya. Kuskuren masu koyo shi ne su fito da ita tun daƙiƙar farko, su yi ta maimaita ta, har a zo ɗangon da ya fi kowanne nauyi ba su da sauran inda za su matsa. Kamar gishiri ce a miya, in ka zuba duka tun farko ba ka da gyara. Ka zauna da rubutun waƙar da biro, ka ja layi a ƙarƙashin ɗango uku ko huɗu waɗanda in an cire su waƙar ta mutu. Su kaɗai ke da ɗaukar kusa sosai. Baitin farko ka fara daga nesa, na biyu ka matso, sai a na uku mai kallo ya ga ƙwayar ido.

Kuma ba da kowane lens, wato gilashin gaban kyamara, ake matsowa ba. Idan ka sa mai milimita 24 ka kai shi dab da fuska, hanci zai kumbura, kunnuwa su gudu baya, abin tausayi ya koma abin dariya. Ka sa mai 85, ka tsaya kamar mita biyu daga jarumar. Fuska za ta zauna yadda Allah ya yi ta, baya kuma ya narke. Amma ka yi hattara da buɗe lens har ƙarshe, wato faɗaɗa ramin da haske ke shiga (ƙaramar lamba ita ce babban buɗi). A kyamara mai cikakken sensa, wato babban farantin da ke karɓar hoto a cikinta, mai 85 a buɗi 1.8 daga mita biyu, wurin da ke fita tsaf bai wuce santimita shida ba. Mai mamin kuwa, wato mai motsa baki yana bin waƙar, ba ya tsayawa ƙyam, yana rangaji da kiɗa, sai ka ga ido ya fita tsaf, ya sake dusashewa. Ka rufe zuwa 2.8 ko 4, a nan kana da santimita tara zuwa goma sha uku. Idon da ya fi kusa da kyamara shi za ka kama, ba hanci ba, ba ɗan kunne ba.

Tsayin kyamara ma magana ce. Daidai da ido, mai kallo ya zama abokin hira. Daga ƙasa kaɗan, mutum ya yi kwarjini, shi ya sa ta dace da waƙar yabon sarauta ko ta siyasa. Daga sama kaɗan, mutum ya yi rauni. Masoyin da ke roƙo kana ɗaukarsa daga ƙasa, hotonka yana ƙaryata waƙar.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi natsuwa. A aikinmu na Kano namiji ba ya taɓa mace a gaban kyamara, al'ada ba ta yarda ba, Hukumar Tace Finafinai ma ba ta yarda ba. Saboda haka abin da wasu ƙasashe ke nunawa da riƙe hannu, mu da kallo muke nuna shi, kuma edita ne ke haɗa kallon. Ka ja layi a zuciyarka daga jarumi zuwa jaruma, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin har a gama wurin. In shi yana kallon dama, ita dole ta kalli hagu. Ka tsallaka layin, su biyun za su koma kallon gefe ɗaya, mai kallo ya ji kamar kowa da wanda yake wa waƙa. Sau da yawa ma ba rana ɗaya ake ɗaukarsu ba, to ka rubuta a takarda wa ke kallon ina, da lens ɗin da ka sa, da tsayin ƙafar kyamara. Ka tsayar da mutum a gefen kyamara daidai tsayin wanda ba ya nan, domin ido ya sami inda zai sauka. Idon da ke kallon iska ana gane shi.

Ka bar fili a gaban fuska, ta gefen da take kallo. In kana son a ji rashin wani, ka ƙara filin, ka tura jarumar can gefe, wurin da babu kowa ya cinye kashi biyu cikin uku na hoton. In kana son a ji ƙunci, ka juya abin, fuskarta ta kusa bugun bakin hoto, filin ya koma bayanta.

Wani abin da ake mantawa: wanda ke sauraro ya fi wanda ke rerawa amfani. Mai rerawa bakinsa na aiki, hankalinsa na kan kada ya ɓata mamin. Mai sauraro ne fuskarsa ke sake. Tun wajen shekarun 1920 wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya gwada haɗa fuska ɗaya da hotuna daban-daban, kwanon miya, akwatin gawa, da wata mace, masu kallo suka riƙa ganin yunwa, da baƙin ciki, da sha'awa a fuskar da ba ta canza ba. Don haka kada ka matsa wa jaruma sai ta yi kuka. Ka kunna waƙar tun daga farko har ƙarshe, ka ce ta saurara kawai, ta sunkuyar da kai, ta ɗago a hankali, kyamara na tafiya. Idan ka ɗora wannan ɗagowar a kan ɗangon da ya dace, mai kallo zai zuba mata abin da ke ransa. Kuma kada ka yi saurin cewa a tsaya. Ka bar kyamara ta ƙara daƙiƙa biyar bayan an gama, a nan fuska ke saki, edita kuma ya sami abin kamawa.

Motsin kyamara a taƙaice: gimbal, wato abin riƙe kyamara mai hana girgiza, da ke kewaya mutum ba dalili yana nuna gimbal ne kawai. Matsowa a hankali, kamar rabin mita cikin daƙiƙa takwas, tana jawo mai kallo ciki ba tare da ya sani ba. Ja da baya a hankali rabuwa ce. Kyamara a kafaɗa, da ɗan girgiza, ta tashin hankali ce. Dron kuwa, ka ba shi buɗewar bidiyon ko wurin da kiɗa ke tafiya babu murya. Na san an biya kuɗinsa, amma ba wanda ya taɓa zubar da hawaye don ya ga rufin kwano daga sama.

In za ka rage gudu, tun wurin ɗauka ake shirya shi. Ka ɗauka a firam 50, shata, wato tsawon lokacin da kowane firam ke shan haske, a 1/100 na daƙiƙa, a kwamfuta ka mayar da shi 25, ya zama rabin gudu sumul. In ka ɗauka a 25 ka ja shi a manhajar tacewa irin Premiere ko CapCut, zai riƙa tsalle, ko hannuwa su narke. In kana son baki ya dace da waƙa a cikin rage gudun, sai an ninka saurin waƙar sau biyu a sifika jarumi ya bi ta haka, kuma kalmomin Hausa masu yawa ba sa biyuwa a wannan saurin, sai dai amshi gajere. A cikin ɗaki ka tsayar da shata a 1/50 ko 1/100, saboda wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Ka sa 1/60, fitilu su yi ta ƙifce a hoton.

Haske: ranar tsaka ta Kano tana haƙa rami baƙi a gurbin ido, ga inuwar gyale ko bakin hula a kai. Idon da ba a gani ba ya isar da komai. Ka ajiye ɗaukar kusa zuwa hantsi ko bayan la'asar, ka sa rana a bayan jarumar, yaro ya riƙe farin allo daga gaba har ka ga ɗan ƙyalli a ƙwayar ido. Lokacin hunturu hazo na tausasa rana, sai dai yana kashe launi. Ka auna haske a kan fata, ba a kan farar shadda ba, kuma wurin gyaran launi kada ka mayar da baƙar fata ruwan toka don neman haske.

Mu koma kan teburin tacewa. Ka jera ɗaukar mamin duka a kan asalin waƙar da aka fitar daga sutudiyo, ba wadda ta yi yawo a WhatsApp ba. Ka duba dacewar baki da ido a kan b da ɓ da m, inda leɓɓa ke rufewa. Kada ka dogara da sautin da kyamara ta kama in tana nesa, domin sauti na tafiyar mita 340 a daƙiƙa, duk mita 14 firam ɗaya ya zame. Firam biyu suka zame, mai kallo ba zai san mene ne ba, amma zai daina yarda da mai rerawa.

Sannan ka bar bin ganga, ka bi numfashin mawaƙi. A baiti, ka yanka a ƙarshen ɗango. A wannan saurin na bugu 100, bugu huɗu firam 60 ne, kusan daƙiƙa biyu da rabi, wannan shi ne mafi ƙarancin da za ka ba fuska. A ɗangon da ka ja wa layi, ka bar ta bugu takwas ko goma sha shida, ko da hannunka na ƙaiƙayi. In amshi ya shigo kiɗa ya cika, nan za ka ƙara sauri, kuma saurin zai yi tasiri ne saboda ka hana shi a baya. Inda yankan ya faɗa kan bugu, ka gabatar da shi da firam ɗaya ko biyu, ya fi zama a ido. Idan jaruma za ta karɓi baiti, ka nuna ta kamar bugu biyu kafin muryarta ta shigo, a ga ta ja numfashi. Narkar da hoto cikin hoto ka ajiye shi don tuna baya ko wucewar lokaci, firam 12 zuwa 25 sun isa. Walƙiya da juyi da sauran kayan ado na manhaja ka rufe ido ka wuce su.

Ka tuna kuma a waya za a kalla. Fuskar da ke ɗaukar nesa ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba a allon waya, kuma in za a yanko na tsaye don TikTok, gefe da gefe za su tafi, har da filin nan da ka bari. Wannan sai ka yi masa tasa tacewar daban.

Kafin ka sake kiran kowa lokeshan, ka ɗauki baiti na biyu kaɗai ka sake tace shi da abin da ke hannunka, kada yankan ya wuce takwas. Ka kashe sauti, ka ba wanda bai san waƙar ba ya kalla, ka tambaye shi me ke tsakanin mutanen nan biyu. In ya ce kewa ko rabuwa, ka bi sauran baitocin haka. In ya ce bai gane ba, ka duba ko kana da fuskar mai sauraro a cikin abin da kuka ɗauko. In babu, ita kaɗai za ku koma ku ɗauka, da kayan da jarumar ta sa ranar, da lens mai 85, bayan la'asar.