Amsa ga ƙanena da ke son sayen kondo a hawan ƙasa a Toronto

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na ga hotunan kondon da dillali ya turo maka, wato fulat da mutum ke mallaka a cikin dogon bene, wanda ka ce yana hawan ƙasa, ya fi na sama araha, ga shi babu jiran lifta. Kana tambaya ko ka sa hannu tun kana Kano don kada wani ya riga ka. Kada ka sa. Dokar Kanada da ta hana baƙi sayen gida tun 1 ga Janairu 2023 mai yiwuwa ba za ta sake ka ba sai ka sauka an tabbatar maka da takardar zama ta dindindin, wannan kuwa lauya zai warware maka cikin sauƙi. Abin da nake so ka tsaya a kansa shi ne wanda dillali ba zai ɗauka a hoto ba, wato bututun da ke cikin bango.

A gida kowa da masansa da sokawensa, idan ya cika kai ka cika shi, kai za ka kira masu kwasa. A dogon bene kuwa, ruwan wanke-wanke da na banɗaki na duk waɗanda ke samanka yana gangarowa ne ta bututu a tsaye, ya wuce ta bayan kicin ɗinka ko banɗakinka, sannan ya lanƙwasa a ƙasan ginin ya kwanta ya nufi babbar magudanar birni. A wannan lanƙwasar maiƙon girki yake daskarewa, tsummokin goge jiki da mutane ke jefawa a masai su maƙale a jikinsa, hanya ta yi ta ƙuntata har ta toshe. Na hawa na ashirin bai san komai ba, yana ci gaba da sakin ruwa, ruwan kuma sai ya nemi mafita mafi kusa da toshewar, wadda ita ce kwamin wanke-wankenka ko bahon wankanka. Rufe famfonka ba ya tsayar da shi, domin ba naka ba ne.

Na ga wannan da idona lokacin da nake haya a ƙasan wani gini. Baƙin ruwa mai wari ya tumbatso daga kicin ya malale falo, ya ci darduma da littattafan da ke ƙasan kanta. Ba asarar ce ta fi yi mini ciwo ba. Manajan ginin yana shigowa, kafin mai gyaran famfo ya zura komai a bututu, sai ya dubi galan ɗin manja a kan kanta ya ce irin girkinmu ne ya jawo. Da aka buɗe, an sami toshewar a babban bututun da kowa ke amfani da shi, amma babu wanda ya dawo ya ba ni haƙuri. Ka kuma tuna cewa idan ta banɗaki abin ya ɓullo, najasa ce. Masu gyara ba sa wanke kafet da allon bango da suka jiƙa da irin wannan ruwa, yanke su suke yi su zubar, su kafa injinan busarwa na kwanaki, kai da iyali kuna otal ko kuna raɓe a gidan wani.

Hanya ta biyu da ruwa ke komo maka daga waje take. Tsofaffin unguwannin Toronto har yanzu suna da magudanar da ke haɗa ruwan sama da na masai a bututu ɗaya, saboda haka idan aka yi mamako sai ta cika ta mayar da ruwa baya. Ranar 8 ga Yuli 2013 an auna milimita 126 na ruwa a filin jirgin Pearson na Toronto, fiye da abin da guguwar Hazel ta zubar a rana ɗaya a 1954. Ranar 16 ga Yuli 2024 aka sake yin wani da ya kusa milimita 100, ya shanye titin Don Valley Parkway ya shiga Union, babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, asarar da kamfanonin inshora suka ƙiyasta ta haura dalar Kanada miliyan 900. Birnin yana ba masu gidajen ƙasa tallafin sa murfin da ke hana ruwa komowa, amma mai fulat a dogon bene ba shi da ikon taɓa babban bututu, domin mallakar kowa ne, sai abin da kwamitin masu ginin ya yanke.

Sai batun wanda zai biya, inda mutanenmu suka fi ruɗewa. Suna ganin tunda ana cire musu kuɗin hidima kowane wata, inshorar gini ta rufe komai. Inshorar gini tana mayar da fulat ne zuwa siffar da dokar cikin gida ta ginin ta ayyana a matsayin asali. Kayanka, da katakon daɓen da mai gidan baya ya ƙara, da kuɗin otal, duk suna wuyanka ko wuyan taka inshorar, ita ma ka tabbata an rubuta komowar ruwan magudana a ciki, domin sau da yawa ƙari ne da ake saya daban. Akwai kuma kason farko na asara da inshorar gini ba ta biya, wanda a harkar ruwa yakan kai dubun-dubatar daloli, kuma wasu gine-ginen sun rubuta a dokarsu cewa za a iya ɗora shi a kan mai fulat ɗin da abin ya shafa ko da ba shi ya jawo ba.

A Ontariyo, lardin da Toronto take ciki, dokar kondo ta 1998 ta ba ka damar neman takardar bayanin matsayin gini a kan kuɗin da bai wuce dala 100 ba, kuma wajibi ne a ba ka cikin kwana 10. A cikinta lauyanka zai ga asusun ajiyar gyara, da shari'o'in da ake yi da ginin, da takardar inshora. Ka sa sharaɗi a tayinka cewa ciniki bai faɗa ba sai lauya ya gamsu, domin kwana 10 na janye hannu da ka ji ana faɗa na sabon gini ne daga magini, bai shafi na hannu ba. Takardar ba lallai ta faɗi sau nawa ruwa ya komo ba, don haka ka tambayi manaja a rubuce yaushe aka wanke bututun kicin na ƙarshe, ka buɗe kantar da ke ƙarƙashin kwamin wanke-wanke ka ga ko katakon ya kumbura, ka kuma ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcin da ke jere ɗaya da kai.

Ni da na tashi sayen nawa, bayan shekarun aikin dare da babu wanda ya taya ni, hawan sama na nema, na yarda da ƙaramin falo. Ka zo ka kama haya tukuna, ka ga damina ɗaya a unguwar. Idan har zuciyarka na kan wannan fulat ɗin, turo mini adireshin, zan je da kaina ranar Asabar in duba ƙarƙashin kwamin.