Ruwan garau ma yana da mazauna

Jiya muna tsakiyar lodi a gidan ruwanmu ka tambaye ni, wai yaya aka yi ruwan da muka ɗebo garau daga burtsatse muka rufe a gora, bayan mako guda takardar ɗakin gwaji ta nuna ƙwayoyinsa sun ninninka na ranar farko. Har kana zargin yaran inji da rashin wanke hannu. Ƙyale su, ɗana, wannan karon dai ba su ba ne.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa da mazaunansa yake fitowa. Bakteriya ne da suka saba da duhu da yunwa a tsagar dutse, dangin Pseudomonas da Acinetobacter da ire-irensu. A can ƙasa lallaɓawa kawai suke yi. Da ka ɗura ruwan a gora, ga iska, ga ɗumi, ga jikin roba da za su maƙale, sai su kama hayayyafa. Cikin mako guda sukan kai dubbai a mililita ɗaya. Balle a zafin Afrilu na Kano, gora na jibge a rana bakin shago. Yawancinsu kuwa ba sa yi wa mai lafiya komai.

Turawa sun san da haka. Ruwan ma'adinai na asali, irin Evian na Faransa, doka ta hana a kashe masa ƙwayoyi. Shi ya sa ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2009 ta ce a ƙirga su cikin awa 12 da ɗurawa, kada su wuce 100 a mililita. Bayan nan an san za su ƙaru.

Wanda ba a yi wa uzuri shi ne E. coli. Ko guda ɗaya aka gani a mililita 250, magana ta ƙare, domin shi daga hanji yake fitowa, ganinsa na nufin masai ya yi yoyo cikin ruwan. Shi ma Pseudomonas aeruginosa, baƙar tunkiyar dangin, ba a yi masa uzuri. Ina yaro kamarka na yi aiki a wani gidan ruwa a cikin gari, burtsatsen bai fi taku goma daga masan maƙwabta ba. Da rani lafiya lau. Damina na sauka sakamako ya ɓaci, muka fasa ledojin ruwa mota guda cur a kwata, maigidan na tsaye ya kasa cewa uffan.

Mu kuma namu ba irin na Evian ba ne, tacewa muke yi: yashi, gawayi, ƙananan filta, sannan fitilar UV mai kashe ƙwayoyi, kuma su NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, za ta duba in ta zo. Sai dai fitilar abin da ya wuce ta gabanta kaɗai take kashewa. Gobe in mun sauke tanki na biyu, zura hannu ka shafa cikinsa. Wannan santsin da za ka ji kamar yauƙin kuɓewa, gidan ƙwayoyin ke nan, can suke fakewa, ruwan kilorin ma da ƙyar yake ratsa shi. Ɗauraya ba ta fitar da shi, sai an dirje. Ka zo da buroshi mai dogon hannu, bayan sallar asuba za mu fara.