Abincin da ya zube bayan an biya kuɗi: wa zai ɗauki asarar?

Tambayarka ita ce ko wajibi ne mai shago ya sake ba ka abinci idan ya suɓuce maka bayan ka biya. A ƙa'idar ciniki, da zarar kaya ya shiga hannunka asararsa ta koma wuyanka, don haka idan aka sake zuba maka, kyautatawa ce da ta cancanci godiya.

Hukuncin yana sauyawa idan sakacin daga shagon yake: ledar da aka ƙulla maka ta yage saboda rashin ƙwari, ko marfin robar bai rufu ba, ko ka zame a kan ruwan da aka bari a ƙasa, ko abincin ya faɗi tun yana hannun yaron shago. A nan kana da haƙƙin neman a sake maka wani abincin.

Ka guji yi wa yaron shago tsawa, domin sau da yawa daga albashinsa ake cire kuɗin; ka nemi mai shagon da kansa cikin natsuwa. Idan ka ji rauni ko asarar ta yi yawa, ka tuntuɓi lauya, ko hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye a Najeriya.