Yaya zan gane launin 'ya'yan mesa mai dunƙulewa?

Tambaya: Na haɗa namiji fastel (nau'in da launinsa ya fi haske) da mace mai launin daji (launin mesar na asali), ƙwai shida sun ƙyanƙyashe kwana huɗu da suka wuce. Duk kamarsu ɗaya a idona. Ta yaya zan ware fastel, kuma ko zan iya samun zabiya a cikinsu?

Amsa: Malam, lokaci bai yi ba tukuna. Ɗan da ya fito daga ƙwai fatarsa a dushe take, sai ya yi saɓar farko, tsakanin kwana 7 zuwa 14, launinsa na gaskiya ke bayyana. Kafin nan idonsa zai yi hazo, kuma duk hukuncin da ka yanke a lokacin canki ne.

Kafin ka dubi ɗa, dubi iyaye. Ƙwayar gadon fastel guda ɗaya ta isa ta nuna kanta, don haka kowane ƙwai naka rabi da rabi ne: ko fastel ko launin daji. Wannan lissafin kowane ƙwai ne shi kaɗai, ba dole ka samu uku da uku ba. Kana iya samun biyar, kana iya tashi da ɗaya. Zabiya kuwa gadonta ɓoyayye ne, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi. Amma zabiyar kanta ba ta ɓuya: jan ido, jiki fari da rawaya, babu ɗigon baƙi. Da tana cikinsu da ka gan ta tun ranar farko.

Bayan saɓa, ka jera su a kan farar takarda kusa da taga, da hantsi. Kada ka kunna fitilar kyamarar waya, tana wanke launi ta mai da kowa fastel. Fara da kai. Na daji tsakiyar kansa baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, fastel kuwa kamar an goge masa tsakar kai da tsumma, ya koɗe. Idonsa na da haske, yana ɗaukar kore, leɓɓansa fari-fari. Sai ka bi gadon baya: a cikin baƙin zanen za ka ga wuraren da suka dusashe zuwa ruwan ƙasa, rawayar gefensa kuma tsaf take, ba yawan ɗige-ɗige. Kwatanta ɗan'uwa da ɗan'uwa ya fi kwatanta shi da hoton intanet, domin launin daji ma iri-iri ne. Cikin waɗanda ake fitarwa daga Gana, Togo da Benin akwai masu hasken da ke ruɗin ƙwararru.

Ka ɗauki hoto yanzu ka rubuta lambar kowane a akwatinsa, saboda fastel yana yin duhu da girma. A shekara biyu wani sai ka rantse na daji ne.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen kalmar "het", wato mai ɗauke da ɓoyayyen gado. Ba a ganin wannan da ido. Idan iyaye biyu het ne na zabiya, 'ya'yansu masu kamar na daji biyu cikin uku ne ake sa ran suna ɗauke da shi, shi ya sa ake rubuta kashi 66. Tabbaci sai ta hayayyafa, ko gwajin ƙwayar gado da ake yi da fatar saɓa. Ɗan da ka kasa tantancewa bayan saɓa ta uku, sayar da shi a farashin launin daji.