Amsa ga mai tambaya kan Duesenberg da Auburn Speedster

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa aka sayi motar 1935 a kan dala miliyan 22, sannan ka ce ka ga ana tallar Auburn Speedster da araha a intanet, ko ta cancanci ka zuba kuɗinka. Na daɗe ina bugun jikin mota a wani gareji a jihar Indiana da ba a kawo masa komai sai tsofaffin motoci, don haka ga abin da na sani.

Motar da ka gani Duesenberg SSJ ce, wadda kamfanin gwanjo na Gooding ya sayar a Pebble Beach, jihar Kalifoniya, a 2018. Guda biyu rak aka ƙera irinta, ɗaya ta shiga hannun ɗan wasan fim Gary Cooper, ɗayar kuma Clark Gable. Ta Cooper ce aka yi gwanjonta. Amma ƙarancin ya samo asali tun daga uwarsu, Model J. Attajiri E. L. Cord ya sayi kamfanin Duesenberg a 1926, ya ce wa injiniyan kamfanin, Fred Duesenberg, ya ƙera motar da babu kamarta a Amurka. Aka fito da ita a Disamban 1928 da inji mai silinda takwas a jere da ƙarfin doki 265. Ba a cika shekara ba kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoban 1929, masu saye suka yi ɓatan dabo. Har aka rufe kamfanin a 1937, wajen guda 481 kawai aka yi, kuma waɗanda suka rage a yau sun ɗan haura 370.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Duesenberg ba ta sayar maka da cikakkiyar mota. Shasi da inji za ka saya a kan dala 8,500, lokacin da sabuwar Ford Model A take wajen dala 500. Daga nan sai ka kai wa maƙeran bodi irin su Murphy na Pasadena ko LeBaron ko Derham, kamar yadda za ka yanki shadda ka kai wa telanka. Shi ya sa da wuya ka ga biyu sun zo iri ɗaya sak, kuma daga nan rikicin yake farawa. Bayan yaƙin duniya na biyu waɗannan motoci sun faɗi warwas, ana sayar da wasu ɗaruruwan daloli kaɗan. Da darajarsu ta dawo, sai aka lura mai buɗaɗɗen sama ta fi mai rufi tsada nesa ba kusa ba. Sai wasu suka riƙa sauke bodi mai rufi suna ɗora sabo mai buɗaɗɗen sama, wasu kuma suka musanya inji daga wannan shasi zuwa wancan. Don haka manyan masu saye ba fenti suke fara dubawa ba. Lambar shasi suke nema, da lambar inji wadda ke farawa da harafin J, da lambar bodi, su ga ko tare suka fito daga masana'anta, sannan su bi sunayen duk waɗanda suka taɓa mallakar motar. Motoci biyu za su tsaya gefe da gefe, ido ba zai bambance su ba, amma takarda ta sa ɗaya ta ninka ɗayar kuɗi.

Gyaran kuwa, a nan ne kuɗi ke tafiya ba a ji ba a gani. Ƙarƙashin ƙarfen bodin nan firam ne na katako, na wani icce mai tauri da suke kira ash. Ruwa ya shige shi shekara da shekaru, sai ka ga ƙofa ta sunkuya ta ƙi rufuwa. Dole a ɗaga fatar ƙarfen a hankali, kafinta ya sassaƙa kowane guntu daidai da tsohon, a mayar. Inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe dalma ake narkawa a shafe da ita, ba fila irin ta yau ba, kuma masu iya wannan aikin sun yi ƙaranci ƙwarai. Kayan gyara babu su a shago. In wani abu ya karye a inji, ko dai ka yi ta cigiya wajen masu tsofaffin kaya, ko a zuba maka sabo daga zane. Aiki ɗaya yakan ci shekaru, kuma sau da yawa kuɗin gyara ya zarce abin da motar za ta kawo a kasuwa. Ni dai abin da ya fi ɓata min rai shi ne a kawo mota da fatar kujerunta ta asali, ta tsufa amma lafiyarta ƙalau, mai ita ya ce a yaye a sa sabuwa don ta yi ƙyalli. Abin da aka yaye ba ya dawowa har abada. Alhamdu lillahi yanzu a gasar Pebble Beach akwai rukuni na musamman na motocin da aka adana ba a sabunta su ba.

To, batun Auburn ɗinka. Ta asalin da aka fi kwaikwaya ita ce samfurin 851 ta 1935 da 852 ta 1936, zanen Gordon Buehrig, mai wutsiya kamar ta kwalekwale. Injinta na Lycoming ne, silinda takwas a jere, da na'urar cusa iska da ke kai shi ƙarfin doki 150. A dashbod akwai ɗan allo mai sa hannun direban tsere Ab Jenkins, yana shaida cewa motar ta wuce mil 100 a awa, wato kilomita 160. Sabuwa dala 2,245 ce. Yau ta gaske tana cin ɗaruruwan dubban daloli, wasu sun haye miliyan. Araha ba ta ado, ɗan'uwa. Tun shekarun 1960 ake ƙera na kwaikwayo da bodin faiba a kan injin zamani, Glenn Pray na Oklahoma na cikin waɗanda suka fara, kuma su ne suka cika shafukan talla.

Gane su ba wuya. Ka sa a ɗora maganaɗisu a jikin modigad, ba ya kama faiba. Ka sa a buɗe bonet: in ka ga injin V8 da giya mai canza kanta, ba ta 1935 ba ce. Bututan hayaƙi huɗu da ke fitowa ta gefen hagu, a ta asali aiki suke yi, a ta kwaikwayo sau da yawa ado ne kawai.

Ban raina ta kwaikwayo ba. Tana da kyau, ta fi sauƙin tuƙi, kuma bakanikenka zai iya da injinta. In ita ranka ke so, saya, amma a farashinta da sunanta. In kuwa mai sayarwa ya dage cewa ta asali ce, ka ce ya turo maka hotunan lambobin da takardar tantancewa ta ƙungiyar Auburn Cord Duesenberg Club, wadda ke duba irin waɗannan motoci a garin Auburn na Indiana, inda tsohon ofishin kamfanin Auburn ya zama gidan tarihi tun 1974. In ya turo, sa su a nan mu duba tare kafin ka biya ko da kafin alƙalami. Allah Ya sa a dace.